Sauran Ruwan Ƙofa ta Talatin

Duk wanda ya zo koyon aiki wurina, kafin ya yi mako guda sai ya tambaye ni dalilin da ya sa nake ajiye da tsohon yaren rubuta manhaja a kwamfutata, alhali masu yaren ma sun daina kula da shi. Shekaranjiya wani a cikinku ya leƙo allona ya ga yaren nan, Python na biyu, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai Malam Bello yana jinyar gawa. Na ce ban ji haushi ba, amma gaskiya na ɗan ji. Ku kuna ganin aikin nan danna maɓalli ne: a ɗauki tsohon rubutu, a juya shi zuwa sabon yare, a jefa shi cikin jerin aiki, a tafi shan shayi. Ni ma na taɓa ganin haka, kuma lokacin na girme ku nesa ba kusa ba, don haka ba ni da uzurin ƙuruciya.

Aikin farko da aka ba ni a ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani, nan Talata Mafara, shi ne tayar da janareta da goge madannai da tsumma. Maigidana Injiniya Lawali ne, mutumin Maradun, dogo, marar yawan magana, wanda in ya yi maka murmushi sau ɗaya a wata to ka yi abin kirki. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, mai ƙaton allo, tana gurnani kamar injin markaɗe. Na yi wata shida bai bar ni na rubuta layi ɗaya a cikinta ba. Abin da yake yi shi ne ya goya ni a babur mu bi hanyar ruwa tun daga kanta, can wajen Janbako, har wutsiyarta kusa da Bakura. Ƙofofi talatin ne a kan hanyar, kowace tana shayar da gonakin da ke ƙarƙashinta, kowace da sandar awo da aka shafa wa fenti. Sai in sauka in karanta inda ruwa ya kai a jikin sandar, in rubuta a littafi, mu yi gaba. Ranar da na yi ƙorafi cewa ni kwamfuta na zo koya, ko juyowa bai yi ba, ya ce, "In ba ka san inda ruwa ka tahiya ba, mi za ka hwaɗa ma injin?" Muka ci gaba da shan rana.

Aikin kansa mataki uku ne, ɗaya na miƙa wa ɗaya. Abin da kuke kira faiflayin ke nan, ni sarƙa nake ce masa. Matakin farko yana tattara awon ruwa. Na biyu yana lissafa awa nawa za a buɗe wa kowace ƙofa a zagayen makon, gwargwadon faɗin gonakinta. Na uku yana tura saƙon tes ga masu buɗe ƙofofi da shugabannin manoma. Matakin tsakiyar nan Injiniya ne ya rubuta shi da hannunsa da Python na biyu, kuma bai bar bayani ko na layi ɗaya a ciki ba. Sunayen da ya sa wa abubuwa ma sai ka rantse rowar haruffa yake yi: wannan a, wancan b. In ka tambaye shi sai ya ce ai ga shi nan a rubuce, ka karanta.

Masu zuwa mana kuwa manoma ne, kuma manomi ba ya zuwa ofis don ya gaishe ka. Ranar Talata, in an ci kasuwa, sai su cika bencin ƙofarmu. Wannan ya ce saƙo bai shigo ba, ka duba ka ga wayar ce ta cika. Wancan ya ce an buɗe wa maƙwabcinsa kafin shi, a tashi injin ya ba shi haƙuri. Mutum ɗaya ne kawai yake zuwa ba da ƙara ba, Baba Mainasara, shugaban manoman ƙofa ta talatin, wato ta ƙarshe. Tsoho ne gajere, wayarsa kullum a naɗe cikin leda saboda laka. Ba ya karanta boko, mai shagon caji ke karanta masa saƙon. Zai zo ya zauna a ƙarshen benci, ya bari kowa ya gama hayaniya, ya ajiye mana 'yar albasa ko tumatir a gefen tebur, ya gaishe da Injiniya, ya tashi. Shinkafarsa ita ce abincin gidansa, ba shi da shago, ba shi da shanu.

Da Allah ya yi wa Injiniya rasuwa sai aikin ya dawo kaina. Na yi shekaru ina tafiyar da shi ba tare da na taɓa matakin tsakiya ba, don ba ya ba ni matsala. A cikin shekarun ne hanya ta lalace, ba lalacewar ramuka kaɗai ba, har da ta 'yan bindiga, kun dai san abin da nake nufi. Na daina bin ruwa a babur. Masu buɗe ƙofofi suka riƙa turo mini awon ta waya, ni kuma ina zaune a ofis. A hankali ƙofofin suka tashi daga wuraren da na sani da ƙafata, suka koma lambobi a allo.

Shekarar da abin ya faru, wasu masu tallafi ne suka zo mana da sola da batura da sabon tsari. Suka ce sarƙar za ta koma kan wata babbar kwamfuta can nesa, ta riƙa tashi da kanta kowace Asabar da safe, ko ina nan ko ba na nan. Na yi murna, don na gaji da warin fetur. Matsalar ɗaya ce: waccan kwamfutar Python na uku kawai ta sani. Mutumin da suka turo ya gaya mini hanya biyu ce. Ko dai in gina wa tsohon rubutun ɗan ɗakinsa a cikin sabon tsarin, abin da ake kira kwantena, in zuba masa tsohon yarensa da kayan aikinsa a ciki ya ci gaba da rayuwa yadda ya saba, ko kuma in juya shi zuwa sabon yare. Ya ce ta farkon ta fi aminci amma ta fi wahala. Na zaɓi ta biyu. Ina so in ce don ci gaba na yi, amma ganda ce da son a ce ni ma na iya.

Kwana uku na yi a kan juyin. Akwai wata 'yar manhaja da ke yi maka rabin aikin, na sa ta ta bi rubutun Injiniya layi-layi ta gyara abin da ta iya. Na tayar da shi, allo ya cika da jan rubutu. Na bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, nan alamar baka ta ɓace, can sunan wani kayan aiki ya canza. Ranar ta uku da la'asar na tayar, babu ja ko ɗaya. Sakamako ya fito, na duba layukan sama. Ƙofa ta ɗaya da ta saba samun awa bakwai, yanzu an ba ta awa bakwai da minti arba'in. Ta biyu awa biyar da minti ashirin. Na ce kai, sabon yare ya fi tsohon ido, har minti yake gani. Allona layi ashirin yake nunawa a lokaci guda, kuma ban gangara ƙasa na ga sauran goman ba. Na kashe na tafi masallaci ina jin kaina.

Zagaye uku aka yi da sabon lissafin, ofis ya yi tsit. Mutanen sama ba wanda ya zo ƙara, na ɗauka alamar nasara ce. Sai ga Baba Mainasara ranar wata Alhamis, ranar da ba ta kasuwa ba, ya biya kuɗin mota tun daga Bakura. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, na ce zafi lokacinsa ne. Sannan ya ce, "Malam Bello, ruwa ba su isa gare mu. Kahin su cika kwata su hau gona, an ruhe." Na buɗe kwamfuta na duba, na ga sarƙar ta tashi, ta gama, saƙo ya tafi, ko'ina kore shar. Na ce masa, "Baba, injin bai yi kuskure ba. Ku bincika mai buɗe ƙohwa, ko wani na sata a hanya." Ya dube ni ya ce to, Allah shi kyauta, ya tafi. Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan ina juya kujera, kunya nake ji.

Bayan mako biyu ya dawo, wannan karon da damin shinkafa ɗan ƙarami a hannu. Ya ɗora a teburina. Shinkafar ta yi ciki ta fitar da kai, amma kan fari ne fat, na murza a yatsa ba komai sai ƙaiƙayi. Wanda ya san shinkafa ya san in ƙishi ya kama ta a wannan gaɓar, ko kogi ka juye mata daga baya ba ta dawowa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na bincika mai ƙohwa, yaron kirki na, abin da saƙo yac ce shi yay yi. Ni tambaya guda gare ni. Ina sauranmu?"

Na ce, "Wane saura, Baba?"

Ya kalle ni ya ce, "Ashe Lawali bai hwaɗa maka ba." Ya gyara zama. "Ranar da munka kahwa wagga ƙungiya, mun zamna da dattawan kowace ƙohwa, munka ce ba a raba ruwa da minti. Kowa a ba shi awa cikakka. Ɗan abin da yar rage bisa kowa, a tara shi a ba na wutsiya, don ruwa kahin su kai gare mu ƙasa ta sha nata, rana ta sha nata. Da wannan sauran mu ka noma, ɗana. Rabonmu na takarda jiƙa kwata kawai shi kai."

Tun bai rufe baki ba na gane. Bari in yi muku bayani yadda za ku riƙe. Ka ba Python na biyu goro goma ka ce ya raba wa mutum uku, zai ba kowa uku, ya bar ɗaya a faranti. Ka ba na uku, wuƙa zai ɗauko ya yanyanka na goman ya raba daidai, faranti ya tashi wayam. Injiniya ya san halin yarensa, shi ya sa bai wahalar da kansa ya rubuta dokar dattawa ba. Ya bar yaren ya zubar da mintocin kowace ƙofa da kansa, sannan can ƙasa a layi ɗaya ya ce a cire abin da aka raba daga jimlar ruwa, abin da ya rage a ƙara wa ƙofar ƙarshe. Mintocin ƙofa ashirin da tara in sun taru sukan kai rabin yini, wani zagayen su wuce. A sabon yare layin yana nan, ban taɓa shi ba, yana aiki lafiya lau, sai dai abin da yake ƙarawa sifili ne. Manhajar juyi ba ta ga laifi ba, sarƙa ba ta ga laifi ba, don ba kuskuren da ke fito da jan rubutu ba ne.

Na jawo tsohuwar kwamfutar Injiniya daga ƙarƙashin tebur, na kakkaɓe ta, na roƙi Allah ta tashi, ta tashi. Na ba ta awon makon, na ba sabuwar ma wannan awon, na buga sakamakon biyu a takarda na jera su. Aikin minti goma ne. Da na yi shi tun ranar farko, da na ga layi na talatin ya faɗi fiye da rabi. Baba Mainasara yana zaune yana kallon takardun da ba ya iya karantawa, ya ce, "Ka gani?" Na ce na gani. Na ba shi haƙuri, ya ce haƙuri ya zama dole, ya ɗauki ledar wayarsa ya bar mini damin.

Kwantenar da na guje wa da farko, kwana huɗu ta ci mini. Sai da na nemo ainihin tsohon yaren, lambarsa daidai da ta kwamfutar Injiniya, don ko a cikin na biyun akwai ƙanne da yayye. Na nemo kayan aikin da rubutun ke jingina da su, wasu an daina ajiye su inda aka saba, na kwafo su daga tsohuwar kwamfutar da filashi. Na ɗaure kowanne da lambarsa don kada wata rana tsarin ya ce zai sabunta mini su don taimako. Sannan na koya wa sarƙar cewa in ta iso mataki na biyu, kada ta kira yaren gida, ta ƙwanƙwasa kwantena, ta miƙa awo ta taga, ta karɓi sakamako ta taga, ta wuce. Na gwada da awon makonni da yawa na baya, kowane layi ya yi daidai da na da, har na talatin. Asabar ta zo, saƙo ya tafi da awa cikakkiya, sauran ya koma wa masu shi. Shinkafar bana ta riga ta tafi, amma na ce aƙalla na ceci ta baɗi.

Ranar Talata benci bai ɗauki mutane ba. Alhaji Sanusi, shugaban ƙofa ta ɗaya, shi ya jagoranci mutanen sama, wayarsa a hannu yana nuna tsohon saƙo da sabo. Ya ce, "Shekara nawa ana cin haƙƙinmu ba mu sani ba? Injin da kainai ya tona. Minti arba'in ɗinmu mu ka so." Ba mugun mutum ba ne, ya gaji gonar ne daga mahaifinsa, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa an yi wani zama. Da can ba wanda ya san yana ba da komai, saboda haka ba wanda ya ji zafin bayarwa. Ni na nuna musu mintocin, na sa musu a aljihu mako biyar, sannan na zo in karɓe.

Aka kira taron ƙungiya a filin makarantar da ke bayan ofis. A cikin dattawan da suka yi wancan zaman, Baba Mainasara kaɗai ya rage da rai, kuma shi ne mai cin amfanin maganar, don haka shaidarsa ba ta yi nauyi ba. Takarda babu. Ya tashi ya faɗi abin da ya faɗa mini, wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi ta gunaguni. Sai shugaban ƙungiya ya juyo gare ni ya ce, "Malam Bello, kai ka san injin. Tsakaninka da Allah, wane lissahi na daidai?" Na ce in lissafi tsantsa ake nufi, sabon ya fi daidai, amma tsohon shi ne alkawarin da aka yi. Rabin farko na maganata aka ji, kafin in kai ƙarshe an fara tafi. Aka ce a ɗaga hannu. Masu samun minti ƙofa ashirin da tara ne, masu rasa rabin yini ƙofa ɗaya. Aka umarce ni in mayar da sabon lissafi, na mayar, don ni ma'aikaci ne.

To kun ji dalilin da ya sa kwantenar take nan. Akwai sauran rubuce-rubucen Injiniya guda uku da muke aiki da su, na jadawalin yashe kwata da na rabon iri da wani, duk a cikinta suke gudu da tsohon yarensu, kuma ba zan juya ko ɗaya ba sai na san abin da kowane layi yake ɗauke da shi. Ba cewa nake kada ku taɓa juya tsohon rubutu ba, wata rana dole ne. Amma ku tayar da tsoho da sabo gefe da gefe, ku karanta har layin ƙarshe, in kun ga bambanci ko na minti ɗaya ne kada ku ce sabon ya fi wayo, ku tashi ku je ku tambayi wanda abin ya shafa tun ba a tura wa kowa saƙo ba.

Mutanen ƙofa ta talatin sun gwada rani ɗaya da rabon takarda, ruwan bai hau gona ba. Daga nan suka fara zarewa. Wasu suka koma ƙwadago a gonakin sama, wasu suka tafi kudu neman abin yi, wasu suka ce sa jira damina. Baba Mainasara ya sake gwada rani na biyu shi kaɗai, ya rage gonar zuwa 'yan fangali kaɗan na bakin kwata, su ma ba su yi ba.

Zuwansa na ƙarshe ranar Talata ne. Ya zauna a ƙarshen benci har kowa ya watse, sannan ya shigo. Ya rame, hannunsa ba komai. Muka gaisa doguwar gaisuwa kamar kullum. Ya kwance ledar, ya ɗora wayar a teburina, ya ce, "Malam Bello, alhwarma ni ka nema. Ka hidda lambata cikin injin." Na ce Baba a bari mana, ko Allah zai sa a sake zama. Ya girgiza kai. "Duk Asabar sai ta yi ƙara, in tashi in tai shagon caji a karanta mani awa nawa anka ba ni. In dawo gida iyali su dube ni. Ba ni da abin shayarwa, ɗana. Hidda ta."

Na buɗe jerin, na gangara har ƙasa, na share lambarsa. Tsarin ya tambaye ni ko a rufe ƙofar gaba ɗaya tunda ba ta da sauran manomi, na dubi Baba, ya ce a rufe. Na danna. Ya yi mini godiya, ya yi wa Injiniya addu'a, ya naɗe wayarsa ya fita neman motar Bakura. Asabar da safe sarƙar ta tashi da kanta, ta raba ruwansa ga sauran, kowa ya sami ƙarin 'yan mintoci, ba ja ko ɗaya a allo. Ƙofa ta ashirin da tara ce wutsiya yanzu, kuma bana shugabanta ya fara zuwa yana zama a bencin.